Kamu Bakwai

Shekara goma sha ɗaya Baba ya yi
yana ƙera jirgin da bai fi tsawon hannuna ba.
A zauren gidanmu na Fagge,
inda wasu ke jingine keke, shi bais ya kafa,
da injin sassaƙar ƙarfe da ya saya gwanjo
ranar da aka rufe wani kamfani a Bompai.

Barau Fita ake ce masa a Loko,
tun kwal yana zuwa daga Inugu,
tun kan jirgi yana tari kafin ya tashi.
Da dizal ya zo, ya ce wannan ba ya numfashi.
Ya yi masa aiki har ya yi ritaya,
amma bai taɓa shafa gefensa ba.

Ran Asabar Ƙofar Ruwa muke zuwa.
Yana tona tarin ƙarafa kamar mai zaɓen ƙwai,
ya ƙwanƙwasa, ya kai kunne, ya yar.
Tukunyar jirgin bututun tagulla ce ta wani otal,
ƙafafun shida daga guntun gindin famfo,
fistin kuwa sau tara yana yin sa.
Takwas suna cikin gwangwanin madara har yau,
kowanne ya kuskure da abin da bai kai silin gashi ba.

In an ɗauke wuta, magagari ya ɗauka.
Ƙarr, ƙarr, har kiran Isha.
Inna ta ce: Malam, buta kake yi mai ƙafa?
Ya ce: Delu, butarki ta taɓa zuwa Nguru?
Garin tagulla a gemunsa, a tuwonsa,
a shafin littafin awon da ya rubuta da ajami.

A shekara ta goma hannun ya fara rawa.
Bai faɗa wa kowa ba. Ni na ga ma'auni
yana kaɗawa tsakanin yatsunsa.
Saura usur. Ya ce, Hansatu, zo ki tsaya nan.
Kar ki danna. Ƙarfe ba ya son a yi masa tsawa.
Na juya, tagulla na zubowa siriri kamar taliya,
shi yana bayana yana ja mini numfashi.

Ranar tashi, muka shimfiɗa dogo a tsakar gida,
daga bakin rijiya zuwa gindin randa.
Gawayi gutsi-gutsi kamar ƙwayar gyaɗa,
ruwa cokali goma sha biyu.
Yaran layi sun cika katanga.
Ya hura, ya jira. Muka jira.
Allurar ma'auni ta ɗaga kai a hankali,
wani wari ya tashi, mai da tururi da wuta,
sai na ga Baba ya rufe ido.

Ya taɓa bawul.
Cif. Shiru. Cif, cif.
Ƙafafun suka yarda.
Usur ɗina ya yi kuka, siriri, kamar ɗan tsako,
kaji suka watse, Inna ta saki ludayi,
jirgin ya wuce turmi, ya wuce takalman baƙi,
kamu bakwai cif,
ya je ya dungure wa randa ya tsaya.

Yara na ihu. Inna na share ido da gefen mayafi.
Baba bai yi tafi ba.
Ya durƙusa, gwiwa na ƙara, ya kai kunne kusa da silinda.
Ya ce: Kin ji? Na ce ban ji komai ba.
Ya ce: Yana ɗingishi a hagu.

Ya faɗe shi kamar wanda aka yi wa albishir.

Da asuba, kafin shayi ya tafasa,
na tarar ya jera notina a kan faifai,
jirgin a kwance ciki a buɗe,
ya turo mini sufana da ƙafa.